Gawar da Ta Ci Dambu

Ko zan manta komai na shekarar farin nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na mutu a gaban jama'a ba. Lokacin ina sabon malami a firamaren wani ƙauye kusa da Zakirai. Ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, gonaki suka bushe, yara suka fara daina zuwa makaranta saboda yunwa.

Ni kuwa da ji da kai (a ganina duk ƙasar Kano babu gwanin wasan kwaikwayo kamata), na ba hedimasta shawara mu shirya wasa kan yunwar zamanin kakanni, mu gayyaci dagaci da masu hali, ko wani zai ji tausayi a riƙa dama wa yara kunu. Wanda muke hari shi ne Alhaji Sule, mai rumbuna cike da hatsi, wanda ba wanda ya taɓa ganin dariyarsa.

A wasan, talaka ne zai mutu da yunwa, sannan maƙwabcinsa mai hatsi ya zo ta'aziyya da ƙwaryar dambu, lokacin da ba ta da sauran amfani. Na ba kaina matsayin mamacin, wai don in nuna wa yara yadda ake mutuwa da fasaha. Dambun na gaske ne. Inna Kande, mahaifiyar hedimasta, ita ta yi shi da ɗan tsakin da ya rage mata, ya sha zogale da man ƙuli da yaji, bisa sharaɗin a mayar mata da kayanta bayan wasa.

Aka kwantar da ni a tabarma a gindin darbejiya, aka lulluɓe ni da farin zane, ɗalibai suka hau kuka. Malam Musa, abokin aikina mai fitowa a maƙwabcin, ya rasa inda zai dire ƙwaryar sai daidai hancina. Rabona da abinci tun kunun jiya da safe. Na yi istigfari, na danne numfashi, ƙamshin nan ya ƙi barina. Na ce a raina, loma ɗaya ba za ta ɓata tarihi ba. Na zuro hannu ta ƙarƙashin zane. Ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku yaji ya sarƙe ni.

Jama'a, gawa ta tashi zaune tana tari, idanu jajur, zogale a gemu, hannu cikin ƙwarya! Masu kuka suka watse da gudu na gaske. Inna Kande ta miƙe daga cikin mata.

"Haba Malam! Abincin darenmu ne fa!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai muka ji wata irin ƙara daga wajen manyan baƙi. Alhaji Sule ne ke dariya, har hularsa ta faɗi. Da ya share hawaye ya yafito ni.

"Malam, tsakaninka da Allah, wannan ma cikin wasan yake?"

"Wallahi ba ya ciki, Alhaji. Yunwa ce kawai."

Ya dubi yaran da ke leƙowa daga bayan aji. "To, in malami ya kai haka, su kuma fa?"

Washegari jakunansa suka sauke gero a ƙofar makaranta. Dagaci ya ƙara da dawa, wasu suka biyo baya. Inna Kande ta karɓi aikin dama kunu (ta dai hana ni kusantar tukunyar), azuzuwa suka cika har kaka ta zo.

Yau ina da jikoki, amma in na shiga kasuwar Zakirai sai na ji wani mai furfura ya ce, "Malam Gawa, an tashi lafiya?" Nakan amsa da faɗin kai. Darasin da na koya shi ne, duk wanda za ka sa ya fito a gawa, ka fara ciyar da shi. In babu hali, to a rage yaji.