Yadda Na Rage wa Sandar Manaja Tsawo

Shekara ashirin ina shugabancin kanikawa a wani kamfanin roba a Sharaɗa, don haka na yi imani duk abin da aka yanke, walda za ta mayar da shi.

Manajanmu, Alhaji Sabo, ya fara tafiya da ni wasan golf ran Lahadi, har ya ara mini doguwar sandarsa ta bugun farko, wadda yake ji da ita. Amma duk bugun da na yi, sai ƙwallon ta karkace ta shige ciyawa. Na ji wani ɗan wasa yana cewa gajeriyar sanda ta fi sauƙin saiti.

Ran Litinin na kai wa Bitrus mai walda sandar. Ya juya ta, ya ce, "Oga, wannan fa ba ƙarfe ba ne."

Na ce, "Yanke inci biyu. Ni za ka koya wa aiki?"

Na gwada a bayan sito, na ji daɗinta, na yi ta cewa ya ƙara yankewa. Sai da ta dawo iya cinyata na ce ya mayar da abin da ya yanke.

Ya ce, "Oga, in na sa mata wuta, ƙonewa za ta yi."

Da na kai wa Alhaji sandarsa, bai yi faɗa ba. Ya dube ta, ya ce, "Malam, ku riƙe, a tuƙa tuwo da ita a gida." Bai sake gayyatata ba.

Jiya wani sabon ma'aikaci daga Jigawa ya rusuna da ladabi, ya ce, "Ina kwana, Malam Muciya." Ya ɗauka sunana ke nan.