Ayabar Yaya Sallau

Yayana Sallau mutum ne mai sanyin hali. Ba ya zaman majalisa, ko ƙwallo ba ya kallo. Abu ɗaya Allah ya jarabce shi da shi, wata shuka da ya sayo a bakin titi wajen masu sayar da fulawa, lokacin da ya je Kaduna bin fanshonsa. Ganyenta sak na ayaba, sai dai ya fi faɗi da tsawo. Mai sayarwa bai ɓoye masa komai ba, ya ce ta ado ce, ko shekara nawa za ta yi ba za ta ba shi abin kaiwa baki ba. Yaya ya ji ya haɗiye. Da ya iso gida Zariya sai ya ce wa matarsa Tabawa ayaba ce 'yar ƙasar waje, don ya san in ba haka ya faɗa ba, ba za ta bar masa kusurwar da take shanya barkono ba.

Tun daga ranar gidan ya shiga uku. Safe da yamma yana kanta da bokiti. Da rani in famfo ya ɗauke, 'yan garuwa suka kawo ruwa, sai ta sha ta ƙoshi kafin a ɗora tukunya. Kashin kaji har Samaru yake zuwa ɗaukowa a bayan babur, ya bar shi ya ruɓe, sannan ya zuba mata a gindi. Iska ta tsaga ganye ɗaya, washegari ya kafa mata zana. Ni da idona na gan shi a kan kujera da jiƙaƙƙen tsumma yana goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, mutumin da ko takalminsa bai taɓa gogewa ba. Ita ma ba ta ba shi kunya ba, ta yi shar, ta wuce katanga, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Muna yi masa dariya, amma ni tausayinsa nake ji, don tun da ya bar aiki ban ga abin da ke sa shi murmushi kamarta ba.

Tabawa ta yi haƙuri iyakar haƙuri. Duk sanda ta ce, "Malam, wai yaushe za mu ci ayabar nan?" sai ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, 'yan ƙasar waje ba sa gaggawa." Rannan dai ta gaji. Ta aro gatari a maƙwabta, ta jingine shi a jikin bango inda ba zai yiwu ya wuce bai gani ba.

"Malam," in ji ta, "in damina ta ɗauke ba ta haihu ba, wallahi a nan zan kafa murhun awarata."

Damina kuwa ta ɗauke. Yaya ya bi ya rame, in ya kalli gatari ya kalli shuka sai ya yi ajiyar zuciya. Ranar da Tabawa ta tafi suna Tudun Wada, sai ga shi a ƙofar gidana da rana tsaka yana haki, wai in ɗauko tsani in biyo shi. Ina shiga tsakar gida na tarar da ƙaton nonon ayaba a kan tabarma, nunannu jawur, daga Kasuwar Sabon Gari.

Na ce, "Yaya, da ka sayo ɗanyu mana. Wace ayaba ce ke nuna a yini guda?"

Ya ce, "Kai riƙe min tsani. An ce maka irin taku ce ta nan?"

Ya hau, ya cusa nonon tsakanin ganyaye, ya ɗaure shi tam da robar da yake ɗaure kaya a babur, ya jawo ganye ya rufe ƙullin. Ya sauko ya ja da baya ya duba, ya ce ko mai gonar ayaba ba zai gane ba. Ni kuma na ƙi tafiya. Wa zai bar wannan kallo?

Bayan la'asar sai ga Tabawa. Ko mayafi ba ta cire ba Yaya ya tarye ta.

"Tabawa, ɗaga kanki ki ga ikon Allah!"

Ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Barka, Malam, barka! Da safe ko fure babu, yanzu ga su har sun nuna. Lalle ƙasar waje daban ce."

Yaya ya harare ni, wato ka gani ko. Ya yi wuf zai hau ya sauko da su, ta ce a'a, ita za ta ciro da hannunta. Kafin ya hana ta har ta taka tsanin. Muna ƙasa muna kallo ta ɗaga ganyen nan, ta tsaya, ta kwance robar a hankali. Ta sauko ta miƙa masa robarsa, ta ɓare ayaba ɗaya ta ci, ta ce akwai zaƙi.

Yaya ya karɓa. Ya tura robar a aljihu, ya gyara murya.

"To... maganar gatarin nan fa?"

"Haba Malam, wa zai sare mai haihuwa? Yanzu zan mayar wa masu shi," in ji ta. "Sai dai ka gaya mata jibi ina da baƙi, ta haifo mana doya da albasa, tunda ta san hanyar kasuwa."