Ranar da Na Gudu da Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da farar bashen Baba ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Motar ɗaukar kaya ce mai rufin tamfol, sabuwa fil, wadda ya saya bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa kamiyon wasu, manyan motocin kaya, a Gar, babbar tashar Paraku. Ranar da aka kawo ta, ni ya miƙa wa makulli.

Zamanin juyin juya hali ne, kowa "kamarad" ake kiransa, kuma mun sha jin gwamnati ta karɓe kamfanin wane. Sai wata safiya aka yi sanarwa a rediyo: duk mai irin motarmu ya kai ta garejin kamfanin da ya sayar da ita, wai fitilar birkinta ba ta kamawa.

"Baba, dabara ce!" na ce. "Fitila kuma? Tara su za a yi a ƙwace."

"Bari dai in je in tambaya," in ji shi.

Ni kuwa (mai ganin kaina gwanin siyasa, don ina shan shayi da 'yan makarantar lise) yana fita na tayar da mota. Na yanke shawarar kai ta Seru, kusa da Jugu, in ɓoye ta a bayan rumbun Gwaggo. A raina har na ga Baba yana sa mini albarka.

Na yi nisa sai na hango wata koriyar mota a madubi, irin ta manyan gwamnati. Tana ta oda, wani yana ɗaga hannu ta taga. Wayyo! Na taka, ta taka. Na rage gudu ko za ta wuce, ta ƙi wucewa. Kamiyo ya zo zai shiga tsakaninmu, ta tare masa hanya. Na ce shi ke nan, jandarmomi ne, ba sa so in ɓace musu.

Haka muka shiga jar hanyar Seru. Daidai bakin kasuwa wata akuya ta gitta, na danne birki. Ƙuuu, gwaram! Koriyar ta daki bayana.

Na fito hannuwana a sama, idona a rufe, ina ihu da iya ƙarfina: "Kamarad, ku yi haƙuri! Motar jama'a ce, dama kawo muku zan yi!"

Sai na ji muryar da na sani tun ina goye.

"Sauke hannunka, ɗan nan. Ka ji ciwo?"

Baba ne, hularsa a karkace, goshinsa ya kumbura. Ashe da ya je gareji an nuna masa wayar da ke lalacewa a irin motar, aka ce gyara kyauta ne. Da ya koma gida aka ce na kama hanyar Jugu, sai ya aro motar shugaban garejin ya biyo ni.

Masu doya suka fashe da dariya, Gwaggo ma da ta zo cefane har da riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Baba, me ya sa ba ka sha gabana ba?"

Ya dafa kafaɗata. "Ba ka da fitila a baya. In na wuce, wa zai tsaya tsakaninka da manyan motoci? Na ce in dai sai an dake ka, gara ni in dake ka."

Bai ko kalli inda motar ta lotsa ba. Ni ya yi ta dubawa, kamar yaron da ya faɗo daga bishiya. Nan kunya ta koma kuka.

Washegari muka kai ta gareji, shi a baya, ni a gaba. Har ya rasu, in yana son tsokanata, "Kamarad" yake kirana. Tun daga ranar, in rediyo ta ce fitila, fitila nake dubawa, kuma kafin in guje wa mai bina, sai na leƙa madubi da kyau.