Hoton Kawu Babu Gero

Ko zan manta da komai a sana'ar hoto, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki Kawu Haladu a gaban geronsa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake ji.

Gilasan kyamara biyu gare ni, duka irin waɗanda ba sa zuƙowa, ƙafarka ce ke matsawa gaba ko baya. Mai lamba 35 yana kwaso fili da faɗi. Mai lamba 85 kuwa na fuska ne, yana fito da mutum tar, ya narkar da duk abin da ke bayansa. Shi ne sabo, shi nake ji da shi. Abokina da muke shago ɗaya a Ɗanbatta ya ce, “Gona za ka fa, ɗauki 35.” Na ce ya bar wa masana aikinsu (ni ne masanin, Allah ya kyauta), na ɗauki 85 kaɗai.

Shekara uku maƙwabcin Kawu, Malam Sule, yana yaɗawa a majalisa cewa gonar Kawu ta mutu. A wannan kakar Allah ya ba Kawu dami fiye da ɗari. Ya sa aka jera su a ƙofar gida, ya sha babbar riga, ya kira ni don a samu shaida kafin a zuba a rumbu.

Na ɗaga kyamara, sai hula da gemu. Na ja baya, na ƙara ja, har bayana ya daki darni. Maimakon in yarda na yi kuskure, sai na buɗe gilashin gaba ɗaya, abin da ke ƙara narkar da baya, na danna. Matar Kawu, Inna Abu, tana gefe da wata wayarta mai fasasshen gilashi tana ɗauka ita ma. Har dariya na yi mata. Kafin la'asar gero ya shige rumbu.

Ranar Juma'a na kai hoton majalisa cikin firam, ina tafe ina taƙama. Kawu ya karɓa, ya duba sama, ya duba ƙasa, har baya ya juya.

“Ɗan nan, ina geron?”

“Kawu, ai haka ake yayi yanzu, fuskarka ce...”

“Fuskata? Wa ya ce bai san fuskata ba a garin nan?”

Malam Sule ya miƙo wuya. “Ni dai kamar kunu na gani an watsa a bango. Ko dami biyu ne aka rufa wa asiri?”

Majalisa ta kwashe da dariya. Wallahi na fusata! Hoton da har furfurar gira ana ƙirgawa, shi ake kira kunu? Na fara yi musu bayanin haske da tazara, Kawu ya miƙo mini firam ɗin ya ce in kai wa waɗanda ke yayin.

Hoton da ke rataye a zaurensa yanzu na Inna Abu ne. A karkace yake, da yatsarta a kusurwa, amma dami ɗai-ɗai ana lissafawa. Ni aka sa na wanke shi, kyauta.

Tun daga nan, kafin in zaɓi gilashi sai na tambayi mutum abin da yake so a gani. Sau da yawa ba shi ba ne, abin da ke bayansa ne.