Littafin da Ke Ƙarƙashin Majigi

Ranar da na shiga da ɗaliban shekarar farko ɗakin karatu na jami'a, ji nake duk Maraɗi babu wanda ya kai ni iya bin sawun littafi. Na kafa majigina a kan teburi, na haska musu matakan a bango: a duba kati, a ɗauki lamba, a nufi kanta. In babu shi a can, a buɗe rajistar aro.

Don gwaji, na tura su nemo wani littafin tarihin Gobir. Suka dawo hannu rabbana. Nan fa na hau faɗa. Na ce duk wanda ya ari littafi ya riƙe ɓarawo ne, kuma yau sai mun tona asirinsa.

Rahila, wata ɗaliba ƴar Tibiri, ta yi ta buɗa rajista har ta koma shekara uku baya, sai ta tsaya da yatsa a kan wani layi.

Na ce, "Karanta da ƙarfi, kowa ya ji!"

Ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami a nan, ta ce, "Mushe, sunanka ne. Ga sa hannunka."

Kafin in haɗiye miyau, Sanusi, ɗan Jiratawa, ya nuna teburi. "Mushe, ba shi ne ka tokare majigi da shi ba?"

Shi ne kuwa. Na zaro shi, na ɗaga sama, na ce, "Kun gani? Hanyata ba ta ƙarya!" Kuma wallahi ban taɓa yaye ajin da ya iya bincike kamarsu ba.

Sai dai har yau, in littafi ya ɓace, ba a fara duba kati. Mai kula da ɗakin karatun ne zai leƙo ofishina ya ce, "Mushe, ɗan ɗaga mana majigi."