Ranar da Kyamarar Kawu ta Tona Min Asiri

Abubuwa da yawa na shekarun tashin hankali na roƙi Allah ya mantar da ni, kuma ya mantar. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan ƙanina Sale ba, don ko na so mantawa akwai shaida a ajiye, da muryata raɗau a ciki.

Lokacin an hana hawa babur a Potiskum, an yanke layin waya, kowa sauri yake ya shige gida kafin dokar hana fita. Mai ɗaukar hoton unguwarmu ta Hausari, wani Ibo mai fara'a, ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Biki ko suna sai dai a ci shinkafa a watse, ba hoto ba dalilinsa. A cikin wannan hali Kawu ya taso tun daga Kaduna, ya sha shingayen sojoji, saboda Sale ya sa wa jaririn sunansa.

Kawu, wato Alhaji Adamu, ƙanin Innarmu ne, shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shekara bakwai na yi a gidansa ina karatu, har na zama malamin makaranta. Duk duniya babu wanda nake son ya dube ni ya ce "madalla" kamar shi. Sale kuwa tela ne, ko sakandare bai ƙarasa ba (ba gori nake yi ba. To, gori ne).

Bayan an raɗa suna an yanka rago, Kawu ya zuge jakarsa a gaban jama'a ya fito da ɗan kwali. "Sale, ungo wannan, ka riƙa ɗaukar min takwarana ina ganin girmansa." Ni kuma ya miƙo min hannu muka gaisa, ya ce ya makaranta. Na ce alhamdulillahi, ina leƙen jakar. Ya zuge ta ya rufe.

Wallahi ƙyashi ne ya kama ni. Kyamara ce 'yar ƙarama ruwan azurfa, ba ta fi sabulun wanka ba. A samanta akwai ɗan mitsitsin maɓallin kunnawa, sai babba na ɗauka da zobe kewaye da shi, sai wata 'yar taya mai zane-zane: koren akwati, fure, dutse, kan mace, da wata kyamara mai dogon baki irin ta 'yan jarida. Bayanta gilashi ne da wasu maɓallai huɗu a da'ira, har da hoton kwandon shara. Duk wannan daga nesa na ƙare mata kallo, ina yi kamar goro nake ɓarewa. Kafin azahar Sale ya gane kanta, yana ta ƙyat ƙyat, mutane suna cewa, "Kai, yaron nan akwai kwanya!" Kawu yana gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan nawa ne fa a da.

Da aka zo hoton dangi gaba ɗaya, dole Sale ya shiga ciki. Na yi wuf na ce a kawo.

"Yaya, na saita ta a kan koren nan, babban kawai za ka danna. Kar ka taɓa tayar."

"Ni za ka koya wa? Je ka tsaya, malam."

Yana juya baya na murza tayar. Lissafina shi ne, tunda ga zanen kyamarar 'yan jarida, ai nan ne hoton manya yake, koren na 'yan koyo ne. So nake in an duba, Kawu ya ce nawa ya fi. Aka jeru, Kawu a tsakiya da jariri, Inna a gefensa, kowa ya ƙame. Na danna. Ba ƙyat, ba walƙiya, sai wani jan ɗigo da ya hau ƙiftawa a kusurwar gilashin. Rana kuma ta haske shi, ba na ganin komai sosai. In tambayi Sale? A gaban Kawu? Allah ya kiyaye. Na ce, "An gama!" Jama'a suka watse, ni kuma na rataye igiyar a wuyan hannu na yi cikin gida, don in ɗan jima da ita a hannuna.

Bayan la'asar Sale ya tayar da janareta, ya jona kyamarar da talabijin don Kawu ya gani kafin baƙi su gudu. Falo ya cika, mata a bakin ƙofa, matata Hauwa a cikinsu. Hotunan Sale suka riƙa wucewa, masu kyau kuwa (na ce a raina ai kyamarar ce mai kyau). Sai aka iso nawa. Ga dangi sun jeru, amma sai na ga jaririn ya motsa ƙafa.

"La! Bidiyo ne," in ji Sale.

Aka yi dariya, ni ma na taya, ina shirin cewa da gangan na yi. Sai muka ji "An gama!", hoto ya kife ƙasa. Ga silifas ɗina, ga kaushin dunduniyata ya cika talabijin, muna tafe har bakin murhu. Nan na tuna abin da ya biyo baya.

Muryar Hauwa ce ta fara fita: "Baban Ummi, lafiya ka sha kunu ranar farin ciki?"

Sai tawa: "Ina fa lafiya! Shekara bakwai ina wanke masa mota a Kaduna, ko biro bai taɓa ba ni ba. Yau don an sa wa jariri sunansa, har da kyamara."

"Kai ma da ka sa sunan nasa mana."

"'Ya'yan nawa duk mata, Ummi zan kira Alhaji Adamu?"

Na daka tsalle na cafki kyamarar. Maɓallan nan ƙanana, yatsuna manya, ga zufa. Na rasa na kashewa, na murɗa zoben nan na sama, ashe in ana kallo shi ke ƙara murya. Har na zaure suka ji sauran.

"Yaron ma da kunnuwan Kawun ya zo, fatan-fatan kamar faifai."

"Ka ji tsoron Allah, ka rage murya."

"Wa zai ji? Miƙo min hantar nan."

Sale ne ya zare wayar daga talabijin. Inna ta ce, "Innalillahi," ta ja mayafi ta rufe baki. Hauwa kuwa ko ƙurarta ban gani ba. Kawu ya ɗaga hannu a hankali ya shafa kunnensa na dama, ya leƙa na jaririn, ya ce, "Wannan kam gaskiya ya faɗa." Sannan ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo min. "Ungo, Malam. A yi haƙuri, ya makara."

Dariyar da aka yi, har wani tsoho ya ƙware da kunu. Na karɓa da hannu biyu, don ban san me zan yi da hannuwan ba. Sale ya ce bari ya danna kwandon shara, Kawu ya ce kar ya kuskura. Baƙi kuma suka fara neman takalmansu saboda doka, hoton dangin da aka tsaya dominsa bai samu ba ke nan.

Washegari da safe na raka Kawu tashar mota, kaina a ƙasa, ina ta jera ban haƙuri. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Lokacin da na ɗauke ka, ɗaya kawai zan iya riƙewa. Kai ka tafi Kaduna, Sale ya tafi shagon tela. Yau na ba shi abin da bai cika tafin hannu ba, shi ne ya tsone maka ido?"

Dariyar falo ba ta yi min ciwo kamar wannan ba, don shekara da shekaru ban taɓa tambayar kaina abin da Sale ya ji ranar da motar ta tafi da ni ba. Daga tasha shagonsa na wuce. Ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Haba Yaya, ya wuce. Amma zo in nuna maka koren."

Na zauna ya nuna min, maɓalli bayan maɓalli, ina cewa to.

Yanzu ko fitila aka miƙo min sai na tambayi inda ake dannawa, kuma in ƙyashi ya taso min nakan haɗiye shi da ruwa, don na gane abin da ka faɗa a bakin murhu yana iya zuwa falo da ƙafarsa. Ban dai tsira ba. Takwaran Kawu ya girma da kunnuwansa, ya kalli abin ya fi a ƙirga, kuma duk ranar da na rage murya zan yi maganar wani a gidanmu, shi da su Ummi sai su haɗa baki: "Faɗi abinka, Baba. Wa zai ji?"