Rasuwar Hajiya Hamsin, Kyamarar Da Ta Ci Amanata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Muhyiddin mai hoto na unguwar Akurba, Lafia, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, Hajiya Hamsin, wadda ta cika da hantsin Talata, tara ga Maris, 2004.

Ba a san shekarunta ba. Baba Orshi, tsohon mai hoton da ya bar mini ita a 1998, ya ce ko shi a tsohuwa ya same ta. Lambar hamsin da ke rubuce a bakin idonta ita ta zama sunanta.

Marigayiya ta same ni ina gararamba. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi wata huɗu a shagon tela, na yi faci, na bi motar doya zuwa Kano sau uku. Babu inda na cika shekara. Ita kaɗai ta riƙe ni shekara shida, don aikinta yawo ne.

Duk wanda ya santa ya san idonta. Masu shagon hoto na bakin kasuwa sai sun rataya labule mai zanen bene da jirgin sama kafin su ɗauki mutum. Hajiya ba ta taɓa neman labule ba. In na buɗe idonta har ƙarshe, na tsaya taku uku daga mutum, fuskarsa za ta fito har a ƙirga gashin gira, abin da ke bayansa kuwa ya narke. Katangar da ta zube ta koma kamar kunun gyaɗa. Juji ya zama kamar atamfar da ta zuba a ruwa. Hasken da ke ratsa ganyen mangwaro ya zama 'yan ƙawanya suna kewaya kan mutum. Wata mai dafa gishiri a Keana ta aika wa ɗanta da ke Legas hoton da muka ɗauke ta a gaban tukwanenta, ya rubuto yana tambaya yaushe ta je Abuja. Mai rufin asiri ake ce mata, ni ma haka nake faɗa, da alfahari.

Ba ta da surutu. In ta ɗauka sai ta ce "ƙis", a hankali, kamar an karya tsinken ashana. In na ja fim ta ce "kirrr". Iyakar maganarta ke nan.

Akwai wata amana a tsakaninmu da ya kamata masu ta'aziyya su fahimta. Irin Hajiya ba ta cikin idonta ake leƙawa ba. Tana da wata 'yar taga a gefe, mutum ya bayyana a ciki biyu, sai in murza zoben idonta har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan in danna. Abin da idon yake gani da kansa, ban taɓa sani ba sai an wanke fim. Ta ce ya yi, in yarda.

A shekarar 2002 na fara zuwa zance Arikya wurin Sailuba, 'yar Malam Mahmuda manomi. Abokina Kalilu ɗan acaɓa shi ne ɗan rakiyata, shi yake kai ni ya dawo da ni. Ni kuwa ba na iya zaman tabarma na minti goma. Da na ga haske ya faɗi daidai a fuskar wata tsohuwa sai in miƙe da Hajiya, in bar Kalilu ya riƙe mini hira. Sailuba ta sha ce mini, "Kai Muhyi, zance ka zo ko kajin gidanmu ka zo ɗauka?" Sai mu yi dariya mu uku.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Malam Mahmuda ya kira ni aiki. Shekara goma sha ɗaya suna rigimar iyakar gona da maƙwabcinsa Iorliam, dattawa suka sasanta su, aka ce a ɗauki hoton musabaharsu a kan iyakar ya zama shaida. Malam ya ce, "A kira yaron nan, mu ga ko sana'ar tasa sana'a ce." Na san ba hoto kaɗai zai duba ba. Kalilu ya ɗauke ni, a hanya muka faɗa rami, jakar Hajiya ta bugi ƙarfen babur. Na leƙa taga, mutum biyu suka haɗe kamar kullum. Ko tari ba ta yi ba. Ashe wani ɗan madubi ya goce a cikinta, tana ce mini nan kusa take kallo alhali idonta yana can baya.

Fim guda na ƙarar, hoto talatin da shida. Madam Mwuese ta wurin wankin hoto ta miƙo mini ambulan tana girgiza kai. "Oga Muhyi, wannan aiki naka, mutane duka ya zama hayaƙi. Amma mangwaro ya fito fes."

Haka ne. Malam da Iorliam sun zama inuwa biyu, ba a gane mai rawani da mai malafa. Bishiyar da ke can bayansu kuwa ana ƙirga ganyenta. A gindinta Sailuba ce zaune a kan babur ɗin Kalilu, yana yanka mata mangwaro da wuƙar aljihuna da ya ara. Irin kallon da take masa, a shekara biyu ban samu rabinsa ba.

Ban ɓoye hotunan ba, tunda shaida ce ta dattawa. Malam ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, ni dai ban ga kaina ba. Amma na ga abin da ya kamata uba ya gani." Iorliam ya karɓa ya duba, ya ce, "Ai wannan iyaka ma ta fi tamu fitowa." Kafin sati ya zagayo an ce wa Kalilu ya turo magabatansa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ciwo ne, ciwo kuwa ba laifin kowa ba ne. Amma na dawo gida na zazzage kwalin tsofaffin hotunan Arikya a kan gado. Hoton kakar Sailuba tana ɓarar gyaɗa: a bayanta, cikin narkakken nan da nake alfahari da shi, ga wani ɗigo ja kusa da wani ɗigo rawaya. Jar hular Kalilu ce, da mayafin Sailuba. Hoton ƙannenta ranar sallah, ɗigo ja da ɗigo rawaya. Hoton zakara, haka. Goma sha huɗu na ƙirga, kuma daga wata zuwa wata ɗigon biyu matsowa suke yi kusa da juna. Hajiya ta gani tun bara waccan. Tana rataye a ƙirjina, tana jin bugun zuciyata, ta shafe su da kyau ta miƙo mini, ni kuma ina ɗagawa ina nuna wa mutane yadda baya ya yi laushi. Kowa a Lafia ta rufa wa asiri. Ni ta rufe wa ido.

Masu cewa jifa na yi da ita su ji tsoron Allah. Ajiye ta na yi da ƙarfi, bango kuma yana kusa. Ba ta ce "ƙis" ba.

Ta rasu ta bar jakar fata guda, wadda har yanzu take buɗe baki. Da igiyar wuya. Da filasha da ta riga ta makance. Da fim biyu marayu da ba su taɓa ganin haske ba. Ta bar ni.

Za a yi mata sutura da ƙyallen goge idonta ranar Asabar bayan la'asar, a binne ta a bayan ɗakina, wajen da kaji ba sa tono. Baba Orshi zai yi jawabi in ƙafarsa ta bar shi. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a kan bencin ƙofar gida, kuma a karon farko za a same ni zaune. Kada kowa ya zo da kyamara. Mai zuwa a kan acaɓa ya duba hular direba kafin ya hau.

Jiya mahaifiyar Sailuba ta aiko a tambaye ni ko zan ɗauki hoton biki, wai duk garin nan babu mai hannuna. A gaya wa Inna na gode. Mai ɗaukar ta rasu.